Shekarar rajista da shekarar ɗauka: abin da layin zamani yake nunawa game da kayan Afirka na Quai Branly

A ranar 23 ga Nuwamba 2018 ne Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban ƙasar Faransa rahotonsu a kan maido da kayan tarihin Afirka. An sha gardama bisa shawarwarin da ke ciki, amma ɓangaren da ya fi shafar aikinmu na bincike shi ne jadawalan ƙidaya da suka haɗa da shi. A can aka lissafa kayan gidan tarihi na Quai Branly da ke Paris ƙasa bayan ƙasa, aka kasa su zamani uku: kafin 1885, daga 1885 zuwa 1960, sai bayan 1960. Cikin kaya kusan 70.000 da suka fito daga Afirka ta kudu da Sahara, waɗanda suka shiga kafin 1885 ba su kai 1.000 ba, wajen 46.000 sun shiga a zamanin mulkin mallaka, kamar 20.000 kuma bayan ƴancin kai.

Irin wannan ƙidaya ba ta yiwu ba sai da gidan ya bi kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hotonsu, ya zuba katin kowane cikin kwamfuta kafin buɗewarsa a 2006, daga baya ya sa kundin a intanet. Yau ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram yana iya jera kayan bisa layin zamani, shekara a kwance, adadi a tsaye, ya ga tudu da kwari. Abin da wannan takarda take son nunawa shi ne, zanen da aka yi ta haka yana faɗin lokacin da gidan tarihi ya rubuta abu cikin rajistarsa. Lokacin da abin ya bar hannun masu shi wata tambaya ce daban, kuma ita ce ta fi damun mai tarihin ƙasashenmu.

Mu duba lambar rajista kanta, don a cikinta shekarar take. Kayan da suka fito daga tsohon Musée de l'Homme suna farawa da 71, sai shekara, sai lambar tarin da aka shigar a wannan shekara, sai lambar abin. Gumakan sarakunan Abome da ƙofofin fadarsu, waɗanda sojojin Dodds suka kwasa a 1892, an shigar da su a 1893, wasu kayan fadar kuma a 1895. A nan tazarar kaɗan ce. Amma gangar Djidji Ayôkwé ta mutanen Ebriye na Kodibuwa, a 1916 hukumar mulkin mallaka ta ƙwace ta, ba ta isa Faransa ba sai 1929, lambarta kuma tana ɗauke da 1930. Wanda ya dogara ga lambar kaɗai zai ajiye gangar shekara 14 nesa da ranar da aka raba ta da mutanenta, ya kuma raba ta da rikicin aikin dole da ya jawo ƙwacen.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne na ayarin Dakar-Djibouti da Marcel Griaule ya jagoranta daga Mayu 1931 zuwa Fabrairu 1933. Ayarin ya ratsa nahiyar daga yamma zuwa gabas, ya bi ta Yamai da Kano, ya aika Paris da kaya kamar 3.500. Dukkansu lamba guda ta tari suke ɗauke da ita, 71.1931.74, har da zane-zanen cocin Abba Antonios na Gondar a Habasha, waɗanda aka ciro a 1932. Kenan bisa layin zamani shekarar 1931 za ta tashi kamar hasumiya, 1932 da 1933 su bayyana kamar ayarin bai ɗauki komi ba a cikinsu. Hasumiyar kuma ta haɗa abin da aka saya a kasuwa da abin da aka ɗauke da barazana, irin kayan tsafin Kono na ƙasar Bambara da Michel Leiris, magatakardan ayarin, ya ba da labarin yadda aka ɗauke su a Satumba 1931 cikin littafinsa L'Afrique fantôme na 1934. A zane duka biyun ɗigo ɗaya ne.

Wannan ba ya nufin zanen banza ne. In an karanta shi a matsayin tarihin gidan da ya tara kayan, yana faɗin gaskiya ƙwarai. Hawan da ake gani a shekarun 1930 ya yi daidai da baje kolin mulkin mallaka na 1931 da shirin buɗe Musée de l'Homme, da kuma ɗan littafin umarni da aka rarraba wa kwamandoji da matafiya a 1931 don su riƙa tattaro kaya. Nijeriya, wadda Faransa ba ta mulka ba, kayanta sun fi shiga bayan 1960, ta hanyar saye a kasuwar kayan fasaha. Babu mai gane irin wannan bambanci ta karanta kati ɗaya bayan ɗaya. Sai an jera dubbai wuri guda ido yake kama shi.

Sai batun abin da ake ƙidayawa. A jadawalin 2018 Cadi ce kan gaba da kaya sama da 9.000, Kamaru na biye da kusan 8.000, Mali kusan 7.000. Cikin na Cadi akwai kayan tonon tuddan Sao da Jean-Paul Lebeuf ya fara a 1936, kuma a rajista ɓallin tukunya lamba guda yake ci, karagar sarki ma lamba guda. Tsawon sanda a zane ba ya auna girman rashin da al'umma ta yi.

Kalmar ƙasa ma tana da tarko, musamman gare mu. Jadawalin yana aiki da iyakokin yau, alhali kuwa Nijar ba ta zama mallaka mai zaman kanta ba sai 1922, babban birni ya tashi daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Daga 1932 zuwa 1947, lokacin da aka rushe Haute-Volta, yankunan Dori da Fada N'Gourma suna ƙarƙashin Nijar. A kudu kuwa, yarjejeniyar 1898 ta zana wa Ingila da'ira ta mil 100 kewaye da Sakkwato, aka gyara ta a 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho da takwaransa na Ingila suka bi iyakar a ƙasa daga 1906 zuwa 1908. Abin da aka ɗauka a Gobir ko Katsinar Maraɗi a waɗannan shekaru, wace ƙasa za a rubuta masa? Mai cika kati ya zaɓi ɗaya, kwamfuta kuma ta ƙidaya zaɓinsa.

A nan ne mai nazarin harshe yake da abin faɗi. Kwamfuta haruffa take kwatantawa. Haoussa, Hausa da Haussa gare ta al'umma uku ne. Haka Djerma, Zerma da Zarma. Haka Tessaoua da Tasawa, Zinder da Damagaram. In ba a daidaita rubutun ba kafin zane, tarin gari guda zai tsage gida biyu ko uku, kowane ya yi ƙanƙanta har ya ɓace. Wannan gyara mai sauƙi ne, aikin haƙuri kawai. Mai wuyar shi ne inda kalmar Faransanci guda ta haɗiye kalmomin Hausa da yawa. Ƙarƙashin tambour akwai kalangu, kotso, jauje, ganga da tambari. Kalangun da aka saya hannun makaɗin mahauta ciniki ne; tambarin da ya bar fada kuwa alamar sarauta ce ta fita, kuma dole a tambayi wane sarki, wane yaƙi, wane kwamanda. Haka amulette take rufe laya da guru da kambu. Sunan ƙabila shi ma yakan bi wanda aka karɓi abin daga hannunsa: jakar da baduku ya ɗinka a Damagaram, Ba'abzine ya saya, Nasara ya karɓa a Agadas, tana iya shiga rajista da sunan Abzinawa, sana'ar dukawa ta fita daga ƙidaya. Ga ganina, zanen da aka gina bisa kalmomin katin kamar yadda suke, yana auna ƙamus ɗin mai tarawa ne.

An riga an gwada wata hanya. Shirin Digital Benin, da aka buɗe a Nuwamba 2022, ya haɗa bayanan kaya 5.246 na masarautar Bini ta Nijeriya daga cibiyoyi 131 na ƙasashe 20, mafi yawansu ganimar harin Ingila na 1897. Abin lura shi ne an sake kasa kayan bisa sunayensu na harshen Edo da aikinsu a fada da wuraren bauta, tare da barin bayanin kowane gidan tarihi yadda yake. Sauƙin da suka samu shi ne gari guda da shekara guda sun ɗaure yawancin tarin. Namu ya warwatsu bisa shekaru da hannuwa da yawa: soja, kwamanda, ɗan mishan, mai bincike, ɗan kasuwa.

Don haka ɗalibin da zai yi irin wannan zane ga kayan ƙasar Hausa, ya kamata ya raba shekara gida uku tun cikin jadawalinsa: ta ƙira ko saƙa, ta ɗauka, ta shiga rajista. Ta uku kusan kullum akwai ta. Ta biyu sai an koma ga katunan asali, da littattafan tafiya, da rahotannin kwamandoji da ke ma'ajiyar takardu ta Yamai, Dakar da Aix-en-Provence. Ta farko sau da yawa ba a rubuta ta ba. Inda gurbi ya zama wofi, a nuna shi cikin zanen da launi na dabam, kada a share layin. Yawan katunan da ba su faɗi yadda aka sami abu ba shi ma adadi ne, ana iya jera shi shekara bayan shekara, mai tarawa bayan mai tarawa. Wannan rabo yana aiki har ga rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai, inda shekarar da malam ya wallafa, da wadda almajiri ya kwafa, da wadda cibiyar ta karɓa suke iya nisan ƙarni, biyun farko kuma da hijira ake rubuta su, sai an juya kafin su hau layi ɗaya da ta uku.