Tsutsar da Ba Ta Cikin Haƙori

A Gusau da Tsafe da Bungudu, kamar sauran ƙasar Hausa, idan haƙori ya yi kogo akan ce tsutsa ce ta ci shi. Wannan zance ya girmi garuruwan uku nesa ba kusa ba. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun rubuta labarin tsutsar haƙori a allunan yumɓu sama da shekara 2,500 da suka wuce. A ƙarni na 13, wani malamin Dimashƙa, al-Jaubari, ya tona asirin 'yan damfara da ke ɓoye tsutsar 'ya'yan itace, su yi kamar daga bakin majiyyaci suka zaro ta. Duk da haka maganar ba ta mutu ba, don kuwa ta dace da abin da ido ke gani: rami a haƙori tamkar na wake da ƙwaro ya huda.

Likitan Faransa Pierre Fauchard ya nuna shakkarsa a kan tsutsar a littafinsa na 1728, amma cikakken bayani sai a 1890, daga Willoughby Miller, Ba'amurke mai aiki a Balin. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki su ne ke cin ragowar sukari da gari, su fitar da wani tsami mai narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali. Ɓawon nan ba shi da jijiya, saboda haka ɓarnar kan yi watanni, ko shekaru, ba a ji komai ba. Ranar da zogi ya hana barci, ruɓar ta riga ta kusanci jijiya ko ta cim mata.

A nan ne babban tsoron majiyyata ya samo asali, wato cewa zuwa wurin likita daidai yake da rasa haƙori. A da, haka abin yake. Idan kanumfari da gishiri da tofi suka gaza, sai wanzami ya ɗauko awartaki, ba tare da abin kashe zafi ba. (Kanumfarin ba camfi ba ne, har yau likitoci na amfani da mansa wajen kwantar da zogi.) Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Najeriya sai a 1966 aka buɗe ta, can a Legas, kuma tun daga nan likitocin suka taru a manyan birane. Mutumin ƙauyen Tsafe ko Bungudu da zai biya kuɗin mota zuwa Gusau, a hanyar da ba kullum take da aminci ba, ba ya tashi don ɗan baƙin ɗigo marar ciwo. Yana jira sai kumatu ya kumbura, lokacin da ciko ba zai yi ba. A cire haƙorin, ya koma gida ya ba da labari, tsoron maƙwabta ya ƙaru.

Shi kuwa zafin aiki, an daɗe da cin ƙarfinsa. A 1844 aka cire wa Horace Wells haƙori a Amurka bayan ya shaƙi iskar da ke gusar da jin ciwo, kuma allurar lidocaine da ake yi a dasashi yau an haɗa ta a Suwidin a 1943. Haka zancen cewa cire haƙorin sama na makantarwa: jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Abin da kan kai ga ido shi ne mugunyar haƙorin da aka bari ta bazu.

Akwai fargabar da ke da hujja. Cikon nan mai kalar azurfa kusan rabinsa zaiba ne, kuma jihar da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe mata yara kusan 400 a 2010 ba za a zarge ta da gudun ƙarfe mai guba ba. Zaibar ciko a ɗaure take da wasu ƙarafa, abin da ke fita daga cikinta kaɗan ne ƙwarai, amma yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita, ta buƙaci a rage amfani da shi. Tun 2022 aka ƙara sharaɗin a kauce masa ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, a koma ga farin ciko marar zaiba.