Mutum Bayan Sana'a da Aure: Nazari a kan Ma'aunin Daraja a Al'ummar Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi ma'aunai biyu da Hausawa suke auna mutum da su, wato matsayi da hali, tana kafa hujja da rubuce-rubucen M. G. Smith da Kirk-Greene da tarihin Baba ta Karo, domin ta nuna cewa sana'a da aure, duk da girman sha'aninsu, ba su ne asalin abin da jama'a take shaidar mutum da shi ba.

Matsayi

A cikin maƙalarsa ta 1959 a mujallar Africa, M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya bayyana cewa darajar namiji Bahaushe tana rataye ne ga sana'arsa, masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye, mahauta da makaɗa da maroƙa a ƙasa, kuma sana'ar da aka gada kaka da kakanni, wadda ake kira karda, ta fi wadda mutum ya shiga da rana tsaka, wato shigege, ƙima a idon mutane. Mace kuwa da shekaru da aure da haihuwa ake auna ta, da kuma gurbinta tsakanin kishiyoyi. Ba mu musun wannan siffantawa, domin an san al'adar tashen gwauro a Kano cikin watan azumi, inda Nalako, jagoran tashen, kan zagaya unguwanni yana farautar marasa mata, kuma bazawarar da ta daɗe a gidan iyayenta ta san irin kallon da ake yi mata a gidan biki.

Zamanin boko bai rushe wannan ma'auni ba, ƙuntata shi ya yi, har aikin albashi ya zama shi ne aiki. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ɗaukaka ma'aikacin gwamnati bisa maƙeri da masaƙi, amma shekara guda bayan haka gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take, daga bisani kuma masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, dubban magidanta suka wayi gari babu inda za su nufa da safe. Wanda duk ya gina sanin kansa a kan kujerar ofis, to ya ajiye kansa a hannun mai sa hannu a takardar sallama.

Hali

Ma'auni na biyu shi ne wanda A. H. M. Kirk-Greene ya tattara a laccarsa da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirki, inda ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura, wanda a ganinmu ba a ba shi haƙƙinsa na nazari ba, shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ta sharɗanta aiki ko aure, ta yadda mahauci da tuzuru suna iya cika su, basarake mai mata huɗu ya rasa su baki ɗaya. Kuma idan aka kai mamaci makwancinsa aka dawo zaman makoki, ba a cika jin ana ambaton matakin albashinsa ba; abin da ake cewa shi ne ba ya cin amana, yana da zumunci, bai taɓa ɗaga wa maƙwabci murya ba, sa'an nan a roƙa Allah ya sa halinsa na gari ya bi shi.

Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, hujja ce mai ƙarfi a nan. Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka bisa ma'aunin farko ya kamata a same ta a gefe, ba ta da ta cewa. Amma mai karatu yana tarar da mace mai faɗa a ji, wadda ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su, ta karɓi haihuwa a gidaje, ta ƙulla ƙawance da ya fi wasu aurarrakinta daɗewa, kuma tana ba da labarin rabuwarta da mazajenta ba tare da alamar cewa wani abu ya ragu daga mutuncinta ba. Zumunci da riƙo da ƙawance su ne suka tsayar da ita, kuma waɗannan alaƙoƙi ne da mace take ginawa da hannunta, saki ba ya warware su.

Mahangar malamai

Addini ya kwaɗaitar da aure, ya kuma girmama neman halali, babu saɓani a kan haka, sai dai bai mayar da ɗayansu mizanin fifiko ba, domin aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta jingina fifikon ga taƙawa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma ta rayu fiye da shekara 40 bayan wafatin Manzo, tsira da aminci su tabbata a gare shi, manyan sahabbai suna zuwa neman fatawa wurinta, aka ruwaito hadisai 2,210 daga gare ta. Imamu Nawawi, wanda almajiran ƙasar Hausa suke haddace Arba'una ɗinsa a zaure, ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira bai yi aure ba, haka Ɗabari mai tafsiri. Kuma yana da wuya a sami malamin da ya taɓa rage darajar littattafansu saboda wannan.

Ta fuskar aiki kuwa, Imamu Gazali ya ajiye kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, alhali tana cikin mafi girman muƙaman ilimi na zamaninsa, saboda ya binciki niyyarsa ya ga son girma da suna ya cuɗanya da ita, daga baya ya keɓe babi guda a cikin littafinsa Ihya'u domin zargin son matsayi da riya. Wannan ya kai mu ga wani gibi a cikin lissafin Kirk-Greene kansa: kirki shaida ce ta mutane, ana ganinsa ne a cikin mu'amala, saboda haka baƙo a birnin da ba a san asalinsa ba, ko wanda aka yi wa ƙazafi, yana iya rasa shaidar alhali halinsa bai canja ba. Malaman tasawwufi sun tsallake wannan gibi da suka mayar da hisabin zuwa ga niyya da ikhlasi, inda mutum yake tuhumar kansa da kansa kafin wani ya tuhume shi, kuma da wannan muhasaba ce Gazali ya fita Bagadaza ya nufi Dimashƙa.