Leshin Da Ya Girmi Mai Rigar

Tsofaffin teloli sun san irin wannan rana. Mace ta shigo shago da yadin auduga sabo fil, ta kwance wani ƙulli, ta fito da siririn leshi da tsufa ya fara rina shi ruwan ƙasa, ta ce na kakarta ne, a sa mata a wuyan riga da bakin hannu. Telan da ya san sana'arsa ba ya saurin kai hannu ga almakashi. Sai ya ɗaga shi ya kalli haske, don sanin wane iri ne.

Leshi na asali ba shi da yadi a ƙarƙashinsa, zare ne tsantsa da aka sarƙa. A ƙarni na 16 matan Benis ta Italiya suna yin sa da allura, na yankin Flanders kuma da ƙananan kwarkwaro da fil a kan matashi. Kuɗin da attajiran Faransa ke kashewa a kansa ya sa minista Colbert ya ɗauko gwanaye daga Benis a 1665, aka kafa sana'ar a garin Alanson. Har yau ana yinta a can, kuma ɗan yankin da bai wuce farcen yatsa ba yana cin kusan awa bakwai. A 2010 UNESCO ta sa wannan aiki cikin al'adun da duniya ta gada.

Inji ne ya sauko da leshi daga fada zuwa kasuwa. John Heathcoat ya yi rajistar na'urarsa a Ingila a 1809, John Levers na Notingam ya inganta ta a 1813. Masaƙa da suka ga abincinsu zai ƙare suka farfasa masana'antar Heathcoat a 1816, kuma a wannan shekarar aka yi fasa-ƙwaurin injunan zuwa Calais ta Faransa, duk da dokar Ingila ta hana fitar da su. Daga can ne siririn leshin auduga na bakin riga ya bazu.

Abin da ake kira leshi a Kantin Kwari kuwa, wanda ba a haɗa lefe babu shi, hanyarsa daban. Surfani ne na inji a kan yadi. Isaak Gröbli, mutumin Suwizalan, ya ƙera injin a 1863, aka sa masa suna Schiffli, wato ɗan kwale-kwale, saboda siffar ƙoshiyarsa. Daga shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na Ostiriya suka shiga yi wa Najeriya zane na musamman, 'yan kasuwar Legas suna zuwa da kansu suna zaɓen launi. Shi ne leshin da iyaye mata suka adana a adaka, mai nauyi a hannu, wanda kayan roba na yau ba su kama ƙafarsa ba.

Bambancin nan shi ke nuna wa tela yadda zai yi. Siririn leshin Faransa yana da zare ɓoye a gefensa. Idan aka ja shi a hankali, leshin zai tattaru ya bi zagayen wuya ba tare da an yanka ba. Na surfani kuwa sai a bi gefen furen da ƙaramin almakashi a cire shi. Ko wanne ne, sai an fara wanke sabon yadin, domin shi zai tsuke, tsohon leshin ya riga ya gama tsukewa. Daga nan a kafa shi da ɗinkin hannu, a bi da ɗan ƙaramin zigzag, sannan a yanke yadin da ke bayansa don aikin ya fito.

Mai irin wannan leshi a akwati ta fito da shi ya sha iska, ta wanke shi da hannu a ruwa mai ɗumi, kada ta sa masa bilic, kuma ta kai wa telan da zai yarda ya zauna da allura.