TypeScript: Harshen da ke kama kuskure tun kafin a kunna manhaja

TypeScript harshe ne na rubuta manhaja da kamfanin Microsoft ya fitar a watan Oktoban 2012, ƙarƙashin jagorancin Anders Hejlsberg. An gina shi ne a kan JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, wanda galibin shafukan intanet ke aiki da shi, tun daga na kasuwanci har zuwa na ma'aikatun gwamnati.

JavaScript ba ya tilasta wa mai rubuta manhaja ya bayyana nau'in kowane bayani, wato ko lamba ce ko rubutu. Abin da mutum ya cike a shafi kuwa, a matsayin rubutu yake isa. Don haka idan mai saye ya shigar da 5000, manhaja ta ƙara 500 na kuɗin aike ba tare da an mayar da rubutun lamba ba, sai ta liƙa su kawai: jimilla ta fito 5000500 maimakon 5500, kuma babu wani gargaɗi.

A TypeScript ana iya ayyana cewa jimilla lamba ce. Na'urar fassararsa tana karanta manhajar ba tare da kunna ta ba, idan ta tarar da rubutu a gurbin lamba sai ta nuna layin da matsalar take. Irin wannan binciken ya girmi shafukan intanet, domin tun a 1978 Stephen Johnson ya samar da Lint a Bell Labs don tantance manhajojin harshen C. A ɓangaren JavaScript, ESLint ya fito a 2013, sannan Facebook ya fitar da Flow a 2014.

Sai dai kariyar tana da iyaka. Kafin manhaja ta fara aiki ana mayar da ita JavaScript, a goge duk bayanan nau'i. Saboda haka duk abin da ya shigo daga waje, kamar amsar banki, sai an sake tantance shi a lokacin da ya iso. Haka nan binciken ba ya gane kuskuren ma'ana. Idan aka sa harajin VAT kashi 5 maimakon kashi 7.5, zai wuce salin alin, domin dukkansu lambobi ne. Wannan kuwa sai gwaji da idon mutum.