Tarihin Takhi: Yadda Littafin Asali Ya Ceci Dawakin Daji na Mongoliya

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa ta bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wata dabba da ta kusa ƙarewa daga doron ƙasa, amma alƙalami da takarda suka zama sanadin tsirarta. Dabbar kuwa ita ce dokin daji na ƙasar Mongoliya, wanda mutanen can suke kira takhi.

Mu da muka tashi muna ganin dawaki a barga mun san cewa da launi ake kiran doki, a ce ga kili, ga akawal, ga danda. To, takhi bai ba da wannan dama ba, domin kusan dukkansu kamarsu ɗaya. Gajeru ne kakkaura masu launin ƙasa-ƙasa, bakinsu fari-fari, ƙafafunsu baƙi-baƙi, gezarsu kuma gajera ce a miƙe tsaye. Ba su san linzami ba balle sirdi. Ingarma ɗaya ke jan ragamar goɗiyoyi kaɗan da 'ya'yansu, samarin da ba su sami iyali ba kuwa su ware su yi nasu garke.

Turawa ba su san da wannan doki sosai ba sai a shekarar 1878, lokacin da wani hafsan sojan Rasha mai yawon bincike, Nikolai Przewalski, ya sami ƙoƙon kansa da fatarsa a kusa da iyakar Rasha da Sin. A 1881 masanin dabbobi Ivan Poliakov ya bayyana shi a rubuce, ya sa masa sunan wannan hafsa. Da labari ya bazu, sai masu hannu da shuni da masu gidajen namun daji suka shiga rububin mallakarsa. A wajajen shekarar 1900 aka yi ta tura mafarauta, ciki har da na shahararren dillalin dabbobin nan na Jamus, Carl Hagenbeck. Da yake manyan ba sa kamuwa, sai a fafari garke har duƙusai su gaji, sau da yawa a harbe iyayen, a haɗa 'ya'yan da goɗiyoyin gida su shayar da su. Da yawa suka mutu a hanya, 'yan sama da hamsin ne kawai suka isa Turai da rai.

Daga nan ne tarihin raɗa musu suna ya fara. An kira waɗansu da sunan garuruwan da aka biyo da su, kamar Kobdo da ke yammacin Mongoliya da Bijsk da ke Saiberiya, aka ƙara da lamba, wato Kobdo 1, Bijsk 1, Bijsk 2, da sauransu. Sai dai kowane gidan namun daji da irin nasa lissafi, kuma akan yi ta barbara tsakanin 'yan jini ɗaya ba tare da kula ba, abin da ya jawo raunin haihuwa da mutuwar 'ya'ya. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya ƙara dagula al'amari, domin garken da ke Askania Nova a ƙasar Yukren ya ƙare ƙaf a lokacin mamayar Jamus. Bayan 1945, manyan garkunan da suka ci gaba da haihuwa biyu ne, na birnin Munich da na birnin Prague.

A cikin wannan hali ne wata masaniyar dabbobi ta birnin Hamburg, Erna Mohr, ta ɗauki aikin da ya zama ginshiƙin komai. Ta bi tsofaffin takardu da hotuna, ta tattara sunan kowane takhi da aka taɓa tsarewa tun daga 1899, da uwarsa da ubansa, da inda aka haife shi, da inda ya mutu. A 1959 aka buga wannan littafin asali ɗauke da dawaki 228, aka kuma danƙa riƙonsa ga gidan namun daji na Prague. Tun daga lokacin, duk duƙushin da aka haifa ana ba shi lamba tasa shi kaɗai, wadda ba ta canjawa ko da an kai shi wata ƙasa an sauya masa suna.

Littafin ya tona abubuwa masu tayar da hankali. Ya nuna cewa duk takhin da ke raye jikokin dawakin daji goma sha biyu ne kacal. Ta ƙarshe a cikinsu ita ce goɗiyar da ake kira Orlitza III, wadda aka kama a 1947. Bai kuma ɓoye cewa akwai wata goɗiyar gida ta Mongoliya da jininta ya shiga zuriyar a birnin Halle na Jamus ba. Ana cikin haka, farauta da tsananin sanyi da gasa da dabbobin makiyaya a bakin mashaya suka cinye na daji. A 1969 aka yi wa takhi gani na ƙarshe a hamadar Gobi.

Sannu ba ta hana zuwa. A 1977 Jan Bouman da matarsa Inge suka kafa wata gidauniya a ƙasar Holan domin kare wannan doki. Da littafin asali suka yi aiki wajen gano waɗanda jininsu ya yi nisa da juna, aka riƙa musayar ingarmu tsakanin ƙasashe. A 1992 jiragen sama suka sauke rukunonin farko a Mongoliya, waɗansu a tsaunukan Hustai, waɗansu a Takhin Tal da ke gefen Gobi.

Komawa daji ya zo da sabuwar matsala, domin duƙushin da aka haifa a fili ba ya tsayawa a yi masa shaida. Saboda haka masu gadin daji, waɗanda yawancinsu 'yan yankin ne, suka koma ga ido da tabaron hangen nesa. Sukan bi garke su gane kowane doki ta hasken launinsa ko duhunsa, da zanen ƙafafunsa, da yanayin gezarsa, da tabon cizon da ya samu wajen faɗa, sa'an nan su rubuta haihuwa da mutuwa da sauyin garke. Amfanin wannan ya fito fili a hunturun 2009 zuwa 2010, lokacin da dusar ƙanƙara ta hallaka fiye da rabin takhin Gobi. Da yake an san kowane ɗaya, an gane iyalan da suka ƙare, an kuma fahimci cewa dawakin sun ƙi barin wuraren da suka saba, alhali jakunan daji sun yi ƙaura sun tsira. Wannan sani ya taimaka wajen zaɓen goɗiyoyin da aka sake kawowa daga Turai domin cike gurbi.

Haka nan littafin ne ya nuna cewa wani ingarma mai suna Kuporovic, wanda aka daskarar da ƙwayoyin halittarsa a San Diego ta Amurka a 1980, yana ɗauke da jini mai wuyar samu. Daga ƙwayoyin nan masana suka samar da kwafinsa a 2020, aka raɗa masa suna Kurt. A watan Yuni na 2024 kuma aka kai dawaki bakwai daga Prague da Balin zuwa filayen ƙasar Kazakistan, cikinsu da ingarma mai suna Zorro. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ta cire takhi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji a 2008, kuma yawansu a duniya ya haura 2,000.

Duk da haka da sauran rina a kaba, tunda jinin kakanni goma sha biyu bai da yawa, kuma mummunan hunturu ɗaya na iya rushe aikin shekaru ashirin. Shi ya sa har yanzu ba a ajiye alƙalami ba. Duk duƙushin da ya faɗo a Hustai ko a Gobi, akwai wanda zai hango shi daga kan tudu, ya ciro littafi ya rubuta sunan uwarsa da ranar haihuwarsa, kamar yadda Erna Mohr ta faro. Allah Ya kai mu fitowa ta baɗi lafiya, amin.