Wasiƙa daga Gorton: Kyaftin ɗin da ya haɗa wasa uku

Mu nan Gorton sai godiyar Allah, ruwa ne dai kullum ba ya gajiya.

Abin da ya sa na zauna rubuto muku yau magana ce a kan ɗanku, babban yarona. Shekararsa 13 yanzu. Lokacin hunturu ƙwallon ƙafa yake bugawa, in zafi ya shigo kuma sai ya koma kurket tare da 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan Pakistan. To makon jiya mai horar da su ƙwallo ya ce masa lokaci ya yi da zai zaɓi ɗaya. Ya dawo gida rai a ɓace, ya ƙi cin tuwo, daga baya ya kawo mini hujjarsa. Wai akwai wani Ba'amurke, Kyler Murray, wanda ya yi kwatabak a jami'ar Oklahoma, wato shi ne mai jefa ƙwallo kuma mai tsara wasa a irin zari-rugar nan ta Amurka, kuma a lokaci guda yana buga besbol. Na bincika, gaskiyarsa ne. A 2018 ƙungiyar besbol ta Oakland ta ɗauke shi a matsayi na tara, a shekarar ya ci kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i, a 2019 kuma Arizona Cardinals ta ɗauke shi na farko a duk ƙasar. Abin da yaron bai faɗa mini ba shi ne, daga ƙarshe Murray ɗin ma zaɓa ya yi, ya ajiye besbol.

Na ce masa ai ba sai mun je Amurka ba. Nan unguwarmu, a West Gorton, akwai wata coci da ake kira St Mark's. Samarinta kurket suke bugawa, sai a 1880 suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa don kada su zauna haka nan lokacin sanyi. Ita ce ta zama Ardwick a 1887, ta zama Manchester City a 1894. Ku masu faɗa a gidan kallon ƙwallo a kan City, ga asalinta nan, 'yan kurket ne suka rasa abin yi.

Amma mutumin da nake son ba ku labarinsa ɗan Birmingham ne. Na fara jin sunansa ne wata rana da na je ziyara wurin wani abokina da ke zaune a Aston, kusa da filin Villa Park. Sunansa John Devey, an haife shi a Birmingham a watan Disamba na 1866, ya rasu a 1940.

Abin mamaki, kafin ya buga wa Aston Villa ƙwallon ƙafa, besbol ya fara buga mata. Ga yadda aka yi. A 1889 wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai sayar da kayan wasa, Albert Spalding, ya kawo 'yan besbol Ingila suka yi ta wasan nuni, yana neman kasuwa. Shi besbol, ga wanda bai sani ba, jefo ƙaramar ƙwallo ake yi, mutum ya maka mata gora, ya zagaya fili da gudu kafin a dawo da ita. Masu ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa suka ga ai filayensu a banza suke zama duk lokacin zafi, 'yan wasansu ma haka. Sai a 1890 aka kafa gasar besbol ta 'yan albashi da ƙungiyoyi huɗu: Aston Villa, Preston North End, Stoke da Derby. Ita Derby wani mai masana'antar ƙarfe ne, Francis Ley, ya kafa ta bayan ya ga wasan a Amurka. Ta fi kowa ƙarfi, sauran suka yi ta ƙorafi a kan Amurkawan da ta ɗauko, ana cikin haka ta janye kafin a gama. Villa ta zama zakara, Devey na cikin 'yan wasanta. Gasar ba ta ƙara shekara a wannan tsari ba. Filin da Ley ya gina dai sunan ya bi shi, Derby County ta buga ƙwallo a Baseball Ground daga 1895 har 1997.

A 1891 Devey ya shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Villa, ɗan gaba ne, ba a daɗe ba ya zama kyaftin. A lokacin nan babu koci irin na yau mai tsayawa gefen fili yana ɗaga hannu. Kwamiti ne ke zaɓen 'yan wasa, in an shiga fili kuwa kyaftin ne mai cewa a yi kaza, a bar kaza. Shi ya sa na ce wa yaron, in kwatabak kake nema, ga shi nan. Da shi Villa ta ci gasar lig sau biyar: 1894, 1896, 1897, 1899 da 1900. Ta ci kofin FA a 1895 da 1897, kun ga a 1897 ta haɗa biyun ke nan, abin da Preston kaɗai ta taɓa yi kafin ita. Ya ci mata ƙwallo sama da 180 a wasanni kimanin 300.

Wasan ƙarshe na 1895 yana ba ni dariya. Da West Bromwich Albion aka buga, maƙwabtansu, a Crystal Palace ta Landan. Ba a cika minti ɗaya da farawa ba ƙwallo ta shiga raga, kuma ita ke nan har aka tashi. A rubuce an ce Bob Chatt ne ya ci, wasu kuma suka dage a jikin Devey ta taɓa ta shiga. Sai kuma a watan Satumba aka ajiye kofin a tagar wani shagon takalman ƙwallo a Newtown Row don jama'a su gani, ɓarayi suka shiga da dare suka ɗauke. Har yau ba a gan shi ba. Aka ci Villa tarar fam 25. Don haka masu cewa Turawa ba sa sata, ku ji.

Da an rufe ƙwallo a watan Afrilu, sai ya ɗauki sandar kurket ya nufi Edgbaston, ya buga wa Warwickshire. Ba wasan ɗebe kewa ba ne, babbar gasar gundumomi ce ta ƙasa. A 1900, shekarar da ya ɗaga kofin lig na biyar, ya tara maki 246 a shiga ɗaya a kan Derbyshire. Ya bar ƙwallon ƙafa a 1902 ya shiga cikin daraktocin Villa, kurket kuwa sai 1907 ya ajiye. Duk da haka sau biyu kawai ya buga wa Ingila ƙwallo, a 1892 da 1894, domin akwai irin su John Goodall da Steve Bloomer masu neman gurbi ɗaya da shi. Shi ma Bloomer ɗin besbol yake bugawa a Derby in zafi ya zo.

Ni a ganina ba baiwa kaɗai ta ba su wannan dama ba. Shekarar ce a rabe, kamar yadda tamu take. Yaya, ka tuna Kawu? Da damina yana gona, da an yi kaka sai ya ɗaure hannu ya bi gari gari yana dambe, babu wanda ya taɓa ce masa ya zaɓi ɗaya. Haka su Devey. Ƙwallo daga Satumba zuwa Afrilu, kurket daga Mayu zuwa Agusta, ga shi albashin ɗan ƙwallo raguwa yake yi lokacin hutu, daga 1901 ma aka ƙayyade kada ya wuce fam 4 a mako. Mai iyali dole ya nemi ci-rani. Yanzu kuwa ana gama gasa a Mayu a koma atisaye a Yuli, ga kuɗi masu yawa, ba mai yarda ya zuba dukiya a kan ƙafar yaro ya bar shi ya je wani fili ya karye. Phil Neville, ɗan Bury nan kusa da mu, ya yi kyaftin ɗin yaran Ingila 'yan ƙasa da shekara 15 a kurket, amma da Manchester United ta kira, ajiye sandar ya yi.

Duk na faɗa wa ɗanku wannan, har da inda bai yi masa daɗi ba. Na kuma je na sami mai horar da su na ce bana dai yaron zai yi biyun, in ya so ya cire shi daga sahun farko. Bai ji daɗi ba, uwar yaron ma tana ganin taurin kaina ne. Yaya, ina jiran shawararka, kai ne babba. Ku gaida Hajiya, ku ce mata yajin ya iso.

Naku a kullum, daga Gorton.