Tarihin Jari da Bashi Tsakanin Sin da Amurka

Kowace ƙasa tana da lissafin hada-hadarta da ƙasashen waje, kuma manyan sassansa biyu ne. Na farko shi ne na ciniki, inda ake rubuta kaya da ayyukan da aka sayar ko aka sayo. Na biyu shi ne na jari da bashi: kadarorin da 'yan ƙasa suka saya a waje, a debe waɗanda baƙi suka saya a cikin gida. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ne ya shimfiɗa ƙa'idar wannan lissafi tun 1948. A tsarin da ya fitar a 2009, idan sakamakon sashe na biyu ya haura sifili, ƙasar tana bai wa duniya rance ne. Idan ya gaza, ita ce mai karɓa. A tsarin 1993 alamar a juye take, don haka dole mai kwatanta tsofaffin alƙaluma da sababbi ya yi hattara.

Babu inda wannan lissafi ya fito fili kamar tsakanin Sin da Amurka bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Disambar 2001. Masana'anta a lardin Guangdong za ta loda takalma da kayan lantarki a jirgin ruwa zuwa Los Angeles, a biya ta da dala. Mai masana'antar yana buƙatar yuwan, kuɗin Sin, don biyan ma'aikata, sai ya kai dalar banki, daga nan ta zarce babban bankin ƙasar, wanda har zuwa Yulin 2005 yake riƙe da farashin dala ɗaya a kan yuwan 8.28. Babban bankin kuwa ba ya barin kuɗin a kwance, sai ya sayi takardun lamuni na gwamnatin Amurka. Da haka dalar take komawa inda ta fito, amma a matsayin bashi.

A 2006 giɓin cinikin Amurka ya kai kusan kashi 6 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, rarar Sin kuma ta kusa kashi 10 a 2007. A 2008 Sin ta zarce Japan wajen riƙe takardun lamunin Amurka. Zuwa 2013 ta tara na kusan dala tiriliyan 1.3, ajiyarta ta kuɗaɗen waje kuma ta doshi tiriliyan 4 a 2014.

Abin da ya fi cancantar lura shi ne, mai ba da rancen ba shi ne ya fi cin riba ba. Takardun da Sin ta saya amintattu ne, amma kuɗin ruwansu kaɗan ne, alhali kamfanonin waje da suka kafa masana'antu a cikinta suna kwasar riba mai tsoka. Shi ya sa a shekaru da dama abin da ta biya masu jari na waje ya fi abin da jarinta ya kawo mata, Amurka kuwa, duk da tulin bashinta, akasin haka ta gani. Gumin ma'aikatan Sin ne ya tara wannan dukiya, kuma an ajiye ta inda ba ta haihuwa sosai. Amurkawa ma ba su tsira ba, domin rance mai araha ya taimaka wajen kumbura farashin gidaje kafin rikicin tattalin arziki na 2008.

Bayan rage darajar yuwan a Agustan 2015, jari ya riƙa ficewa daga Sin, ajiyar ta sauko zuwa wajen tiriliyan 3 a farkon 2017. Japan ta sake karɓe matsayin farko wajen riƙe takardun lamunin a 2019, kuma a 2024 takardun lamunin Amurka da ke hannun Sin ba su kai na dala biliyan 800 ba.